Fihirisar PostgreSQL ta rikice bayan sake girka Linux a saba

Assalamu alaikum. An goge CentOS 7 (wani nau'in Linux) a sabar rumbun bayanai, aka girka Rocky Linux 9. Ba a taɓa faifan bayanan ba: manhajar rumbun PostgreSQL 15 ce, bayanan kusan terabait 2. An gyara mallakar fayiloli da lakabin SELinux (tsarin tsaron Linux), komai ya tashi.

Sai dai binciken suna yana tsallake layukan da suke nan, har maimaici ya shiga ginshiƙin da aka hana maimaici. Ina zargin glibc, ɗakin lambobin Linux da PostgreSQL ke dogara da shi wajen jera rubutu a fihirisa, don ya tashi daga 2.17 zuwa 2.34, kuma a 2.28 aka sauya ƙa'idar jera haruffa.

REINDEX CONCURRENTLY, umarnin sake gina fihirisa ba tare da tsayar da aiki ba, yana tsayawa saboda maimaicin. Don Allah, yaya zan zaƙulo layukan da suka maimaitu ba ta gurɓatacciyar fihirisar ba? Teburan da aka raba bisa zangon rubutu fa, dole sai an kwafe bayanan da pg_dump an sake loda su? Awa 2 kawai aka yarda sabar ta tsaya.