Musayar baiti kan Rosetta mai jita

Kawu Mai Garaya:
Salamu alaikum 'yan zaure. Jiya na kalli wani tsohon bidiyo na 1964: mace baƙar fata da doguwar kwat, jitar lantarki a rataye, tana waƙa a tsohuwar tashar jirgin ƙasa a Manchester bayan an tafka ruwa. Sister Rosetta Tharpe ke nan. Amsa-amon "ta" ne, mai amsawa ya riƙe shi.

Ku ba ni wuri, 'yan zaure,
In yi wa baiwar Allah baitinta.
Arkansas, can kudun Amurka,
Garin Cotton Plant ne mahaifarta.
1915 ta zo duniya,
Uwa mai wa'azi ce ta goya ta.
Tun ba ta kai tsawon jita ba,
A gaban coci ake tsai da ta.
Ta kaɗa, manya su miƙe tsaye,
Har Chicago kiɗan ya kai ta.
Kiɗan da ake kira rock and roll,
Ku tambaya, ya sha nononta.

Bakatsine:
Kawu, ranka ya daɗe, na ji,
Sai dai maganar da gyara cikinta.
Chuck Berry na St. Louis fa,
Ina ka ajiye shi da bajinta?
1955 ya yi faifai a kamfanin Chess,
Samarin Amurka ya haukata.
Ya duƙa yana tafiyar agwagwa,
Jita a hannu yana sarrafa ta.
Shi duniya ta sani uban kiɗan,
Rosettar nan yau na ji sunanta.

Ɗiyar Damagaram:
"Yau na ji sunanta" ɗin nan ai shi ne ciwon, ƙanena.

Ɗauko alƙalami ka zauna,
Mu jera shekaru mu kwatanta.
1938 tana New York,
Kamfanin Decca ya naɗi muryarta.
Berry sannan ɗan sha biyu ne,
Yaro ne mai zuwa makaranta.
1945 waƙarta ta coci,
Ta zo ta biyu a jerin faifan baƙar fata.
Ga fiyano, ga ganga, ga jita,
Salon da kake yabo yana cikinta.
Mawaƙi Little Richard na yaro a Macon,
Ta ji shi, ta hau da shi dandalinta.
Ta ba shi kuɗi bayan wasa,
Har ya tsufa bai manta.
Ban rage wa Berry komai ba,
Amma ya tarar da hanya an gyara ta.

Baba Ishaya:
Ni a coci na tashi, cikin 'yan kwaya na yi furfura. Ku bar ni in taɓo inda kuka tsallake.

'Yata, kin faɗi gaskiya,
Amma akwai ƙaya a tafiyarta.
Waƙar da ake yi ran Lahadi,
Ta kai Cotton Club ta rera ta.
Wurin giya da rawar dare,
Dattawan coci suka ƙyamace ta.
Ban ga laifinsu ba ko kaɗan,
Da ina wurin, da na hana ta.
Amma in na rufe ido na saurara,
Addu'a ce, ban ji wasa cikinta.
Na rasa yadda zan yi da wannan,
Shekaru ina ta juya ta.
Sannan ga wariyar launi,
Otal ya hana ta ɗaki don fatarta.
Ta cika zaure, a yi ta tafi,
Ta koma ta kwana a motarta.

Ɗiyar Damagaram:
Baba, ka bar bikin a baya:

A Washington, filin wasa na Griffith,
1951 aka ɗaura aurenta.
Mutum fiye da dubu 20,
Suka sayi tikiti don kallonta.
Da rigar amarya ta ɗau jita,
Ita ce makaɗiya ran bikinta.

Kawu Mai Garaya:
Allah ya saka muku. Ga inda ya hana ni barci.

1970 ɓarin jiki ya shanye,
Ciwon suga ya ci ƙafarta.
1973 a Philadelphia,
Ta cika, aka kai ta makwancinta.
Fiye da shekara 30 cur,
Ko allon suna babu a kabarinta.
Gidan karrama makaɗa na Cleveland,
Tun 1986 Berry ya shiga, ban da ita.
Sai 2018 suka waiwayo,
Shekara 45 da rasuwarta.

Bakatsine:
Kawu, na nemo bidiyon, sau uku na kalla.

Keken doki ne ya sauke ta,
Wani na riƙe da hannunta.
'Yan kallo suna tsallaken dogo,
Matasan Turawa na tafa mata.
Ƙasa a jiƙe, takalmi mai tsini,
Ko santsi bai dame ta.
Na tsai da hoton na ƙura ido,
Babban yatsa ke tsinkar tsirkiyarta.
Berry yana nan a raina dai,
Yaya, turo min sauran faifanta.