Na ga kuskure a littafin kwamfuta: in rubuta wa marubucin ko in kama bakina?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, kwana uku ke nan abin yana cin raina.

Ina karanta wani littafin koyon tsara manhaja, na kai babin binciken rabi da rabi, wato neman lamba a jerin da aka tsara daga ƙarami zuwa babba: a duba tsakiya, a watsar da rabin da ba ta ciki, a sake duba tsakiyar abin da ya rage. Marubucin ya ce a ci gaba da nema muddin iyakar ƙasa (farkon sashen da ya rage) ba ta kai ta sama (ƙarshensa) ba. Sai na gwada da 3, 7, 9, ina neman 9. Aka duba tsakiya aka ga 7, iyakar ƙasa ta matsa ta hau kan 9, ta yi daidai da ta sama, binciken ya tsaya ya ce babu. Ga tara a zaune, ko kallonta ba a yi ba. Ɗan layin da ke ƙarƙashin alamar ne kawai ya ɓace: ya rubuta < (ƙasa da) maimakon ≤ (ƙasa da ko daidai da). Na yi a takarda, na yi a kwamfuta, amsar ɗaya ce.

Na ji ana cewa akwai marubutan da ke biyan wanda ya gano irin wannan. Gaskiya ne? Kuma ni da shekarata ɗaya a harkar, ba zai zama rashin kunya ba in gyara wa farfesa?

Wani malamin lissafi ya amsa:

Wa alaikumus salam ƙanena. Gaskiya ne, kuma wanda ya yi fice da wannan shi ne Donald Knuth na Jami'ar Stanford a Amurka, mai littafin The Art of Computer Programming, wanda juzu'insa na farko ya fito a 1968. Duk wanda ya riga kowa gano kuskure a littattafansa, ko na lissafi ne, ko na tarihi, ko harafi ɗaya da ya kauce, yana da dala 2 da santi 56. Adadin ba haka kawai ya zo ba: a lissafin tushe 16 da masu kwamfuta ke aiki da shi, 100 daidai take da 256, don haka santi 256 dala guda ce cif a irin ƙidayarsu. Shawara mai amfani kuwa santi 32 ce. A manhajarsa ta TeX, ta tsara rubutu don bugawa, ladan ya riƙa ninkawa duk shekara har ya tsaya a dala 327 da santi 68.

Akasarin waɗanda suka samu cak ɗin ba sa kai shi banki, a firam suke sa shi su rataye a bango. A 2008 ya daina aika cak na gaske, saboda 'yan damfara na iya amfani da lambobin asusun da ke jiki, ya koma ba da takardar shaida daga wani banki na ƙirƙira mai suna San Serriffe. Har yau ana rububin ta. Ka ga ashe ba kuɗin ake bi ba. Mutum mai wannan matsayi ya ce a nemo masa kuskurensa zai biya, kai kuwa kana jin nauyi?

Wata mai tsara manhaja ta amsa:

Ɗan'uwa, kafin ka rubuta komai, koma ka duba inda marubucin ya fara ajiye iyakar sama. In a kan lamba ta ƙarshe ya ajiye ta, kai ke da gaskiya. In kuwa ya ajiye ta gaba da ta ƙarshe da taki ɗaya, to alamarsa daidai take, kai ne ka sauya masa tsari wajen kwafa. Na taɓa faɗawa wannan ramin, har na gama rubuta wasiƙa kafin na lura.

In ka tabbatar, nemi jerin gyare-gyaren littafin a shafin marubucin ko na kamfanin ɗab'i, mai yiwuwa wani ya riga ka. Sannan wasiƙar ta zama gajera: bugu na nawa, shafi na nawa, layi na nawa, abin da aka rubuta, abin da ya kamata, sai misalinka na 3, 7, 9. Misalin nan ya fi dogon bayani ƙarfi, cikin minti biyu zai gwada ya gani.

Kuma wannan binciken ya sha kayar da manya. A 2006 wani ƙwararren mai tsara manhaja, Joshua Bloch, ya bayyana cewa wanda shi da kansa ya rubuta a cikin Java, wani harshen tsara manhaja, yana da kuskure wajen lissafa tsakiya idan jeri ya yi girma ƙwarai, kuma ya kwashe kusan shekara tara ba a gano ba.

Wani dattijo mai aikin tace rubutu ya amsa:

Yaro, abu ɗaya zan ƙara. Kada ka ambaci kuɗi a wasiƙar, sai in littafin da kansa ya yi alkawari a gabatarwa. Knuth ra'ayin kansa ya yi, ba ƙa'idar ɗab'i ba ce. Yawancin marubuta godiya za su yi, wani ya sa sunanka a bugu na gaba, wani ma ba zai amsa ba. Mu da muka tsufa a kan tace shafuka mun san ido yakan saba da rubutu har ya riƙa karanta abin da yake zato, ba abin da ke kan takarda ba. Shi ya sa sabon ido irin naka yake da daraja. Ka tuna da ɗalibin da zai kwafi wannan layin gobe, ya kwana yana zargin kansa.

Mai tambaya ya dawo:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yaya, na koma na duba: a kan lamba ta ƙarshe ya ajiye iyakar, kuma a jerin gyare-gyaren babu shafin nan. Baba, gabatarwar ba ta yi maganar lada ba, ni ma ban yi ba. Layi shida na rubuta har da misalin, na tura ɗazu bayan la'asar. In amsa ta zo zan kawo muku ita.