Abin da aka tattauna kan cimar tarwaɗa

An tattauna kan abin da tarwaɗa ke ci da yadda ake ciyar da ita a wurin kiwo. Maganar ta yi tsawo, ga abin da na tsinto:

1. Kowa ya yarda tarwaɗa ba ta da zaɓen abinci. Abin da wuri ya ba ta shi take ci, in dai zai shige bakinta.

2. A kogi ta fi samun ƙwari, ƙaguwa da ƙananan kifaye. Idan ruwa ya malale fadama sai ta bi shi, ta ci tana, dodon koɗi, talibambam, har da 'ya'yan ciyawa. A tafki mai dagwalo ido ba ya yi mata aiki, da gashin bakinta take lalube cikin laka, galibi da dare.

3. A wurin kiwo, manya na cinye ƙanana in ba a ware su ba. Wannan babu wanda ya musa.

Inda aka rabu shi ne lokacin ciyarwa. Wasu sun ce da dare, tunda ɗabi'arta ke nan. Wasu sun ce tana sabawa da kowane lokaci. Haka aka rabu kan wanda ya fi tsakanin abinci mai yawo a saman ruwa da mai nutsewa. Ni dai na fi karkata ga mai yawon, don kana ganin lokacin da suka ƙoshi.