Waɗanda suka taɓa noman waken guwar a arewacin Katsina, me kuka gani?

Daga wani manomi a Daura:
Assalamu alaikum. Ƙanena da ya yi karatu a Indiya ya zo mini da tsarabar irin waken da ake kira guwar, kusan rabin tiya, ya ce a can ƙasa mai rairayi da ƙarancin ruwa yake so, irin jigawarmu ta wajen Sandamu. Kafin in ba shi wuri a gonata bana, ina roƙon waɗanda suka riga ni gwadawa su faɗa mini abin da suka gani da idonsu.

Daga wani manomi a Mashi:
Wa alaikumus salam, Malam. Na shuka shi damina biyu a jere, bayan na gama shukar gero da kamar mako uku. Maganar jure fari gaskiya ce, domin a shekarar farko ruwa ya ɗauke mana a tsakiyar damina har ganyen dawa ya nannaɗe, shi kuwa yana tsaye kore shar, saboda saiwarsa tana nutsawa ƙasa sosai. Amma kunyoyin da suka gangara wajen kwari, inda ruwa ke kwanciya, duk suka yi rawaya suka mutu. A shekara ta biyu kuma na yi jinkirin girbi, ruwan ƙarshe ya sauka a kan busassun kwanso, da muka casa sai muka tarar ƙwayar ta yi baƙi. Cikin wata uku zuwa huɗu yake nuna, sai ka auna shukarka yadda nunarsa za ta zo bayan ɗaukewar ruwa. Geron da na mayar wurin daga baya ya fi na gefensa kyau, kamar yadda muka saba gani a bayan wake da gyaɗa.

Daga wani malamin gona mai ritaya a Katsina:
Darajar wannan wake tana cikin ƙwayarsa. A masana'anta ake fasa ta a ware ɓawo da ƙwayar tsiro, a niƙa sauran ya zama farin gari wanda ɗan kaɗan daga cikinsa yake mayar da ruwa mai kauri da yauƙi, ko da ruwan sanyi ne. Ana sa shi a askirim da yogot da miyar gwangwani, kuma shi ne E412 da kuke gani a jikin kwalin kayan abinci. Masu yin takarda da masu buga zanen atamfa ma suna amfani da shi. Babban mai saye kuwa shi ne kamfanonin haƙo mai da iskar gas, shi ya sa a 2012, lokacin da Amurka ta dage wajen fasa duwatsun ƙarƙashin ƙasa da ruwa mai ƙarfi, farashinsa ya yi tashin gwauron zabi, daga baya ya faɗo. Indiya ce ke noma kusan kashi 80 cikin 100 na duniya, mafi yawa a jihar Rajastan, sai Fakistan da Sudan da Amurka. Ni ma na shuka kunya goma don gwaji, ya yi kyau, sai dai injin niƙan unguwarmu ba ya raba waɗannan sassa uku.

Daga wata mai kiwo a Mai'aduwa:
Baba, wannan ne ya cuce ni. Na niƙa ƙwayar ɗanya na haɗa wa kajina da dusa, bayan 'yan kwanaki kashinsu ya koma mai danƙo, cinsu ya ragu, dole na daina. Shanu da tumaki kuwa sun ci harawarsa da zarar sun saba da ita. Ɗanyen kwanson ma na soya da albasa da attaruhu yadda aka ce Indiyawa suna yi. Akwai ɗan ɗaci, maigida ya ci, yara suka ture kwano.

Daga manomin Mashi:
Na manta babban abu, Malam. Wani dillali ya yi mini alkawarin zai kwashe duk abin da na samu, ban sake jin ɗuriyarsa ba. Na kai buhu biyu kasuwa, masu awo suna ɗiba suna jujjuyawa a tafin hannu suna tambayata ko maganin gargajiya ne. Har yanzu buhunan suna rumbu.

Daga manomin Daura:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Zan shuka rabin tiyar a gefen tudu saboda harawa da gyaran ƙasa, sauran gonar kuma ridi zan zuba.