Idan duniya ta rage sayen ɗanyen mai, wa zai ji a jikinsa?

Alhaji Sabo: Jama'a, na ga kuna ta murna da sola, kowane rufi an jera faranti. Ni abin da nake hangowa daban ne. Mafi yawan dalar da ke shigowa Najeriya daga ɗanyen mai da iskar gas take, kuma kason da gwamnoninmu ke karɓowa daga Abuja duk wata ya jingina da shi. To masu sayen man ne ke juya masa baya. A Norway, kusan 9 cikin 10 na sababbin motocin da aka saya a 2024 masu lantarki ne. Ko Habasha ta hana shigo da motocin fetur. Wannan sauyi asara ce gare mu. Wanda ya ga yadda dalar gyaɗa ta ɓace a Kano ya san abin da nake nufi.

Injiniya Nura: Ranka ya daɗe, ka yi gaggawar yi wa mai jana'iza. Har yau duniya na shan ganga fiye da miliyan 100 a kullum, kuma ita kanta Norway ɗin mai take haƙowa tana sayarwa. Sannan mutanenmu ba Bature ne ya tura su ga sola ba. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka ce tallafin mai ya tafi, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500, kafin 2024 ta ƙare ta taɓa 1,000. Tun daga nan wayata ba ta huta ba.

Malam Hudu: Alhaji, da girmanka, amma kason Abujan nan ni ban taɓa ganin ya iso gonata ba. Ina noman rani a Kura. Da, kafin in tayar da injin ban-ruwa sai na cika jarka a gidan mai, kuma tumatir bai san tsadar fetur ba, in bai sha ruwa ba ya kwanta. Bara muka haɗa kuɗi da ƙanena muka sa famfon sola. Da hantsi ya yi ruwa ke fara zuba a gona, har la'asar, babu ƙara babu hayaƙi. Aikin da ya rage shi ne yaro ya bi farantan da tsumma, don ƙurar hunturu tana rage masa ƙarfi sosai. Da dare kuma sai mun kwashe su mun kai gida saboda ɓarayi.

Hajiya Binta: Malam Hudu ka ji daɗi don aikinka na rana ne. Mu masu ƙanƙara da zoɓo firiza ba ta barci, dole sai da batir, kuma nan kuɗin yake. Lokacin da Arewa ta shiga duhu a Oktoban 2024 bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, masu sola ne kaɗai ke da ƙanƙara a unguwarmu, sun ci kasuwa. Amma ni batirin da aka haɗa ni da shi bai daɗe ba ya daina riƙe caji.

Injiniya Nura: Hajiya, kasuwar ta cika da jabu da kwance, wannan gaskiya ne. A riƙa tambaya kafin a biya.

Sani Mai Walda: Ni dai injina ya fi ƙarfin solar da aljihuna zai iya saya. Har gobe dizal nake sha.

Malama Zainab: Ku tsaya, kamar ana haɗa aljihu biyu wuri guda. Aljihun Malam Hudu ya samu sauƙi, ba musu. Baitulmali ne Alhaji ke magana a kai, kuma a nan ina bayansa, har ma na fi shi tsoro. Fiye da kashi 80 cikin 100 na farantan sola na duniya a Sin ake ƙera su. Inbata daga can, batir daga can. Da dala muke saye, dalar kuma ta mai ce. Wato da kuɗin abin da ake shirin bari muke sayen abin da zai maye gurbinsa. Ku dubi Kwango ta Kinshasa: kusan kashi 70 na ma'adinin kobalt da ake sa wa a batura daga ƙasarsu yake fita, amma masana'antun batirin suna wata nahiya. Mu ma ga litiyam a Nasarawa, an buɗe masana'antar tace shi a 2024, sai dai tacewa daban, ƙera batir daban.

Isufu Maraɗi: Bari in sa baki daga wannan gefen iyaka, wato Nijar. Kafin juyin mulkin Yulin 2023, kusan kashi 70 na wutarmu daga Najeriya take zuwa. Da aka katse ta, Yamai ta sha zafi, kuma tashar sola ta Goru Banda mai megawat 30 da ta fara aiki a shekarar ta rage mana raɗaɗi. Rana dai ba wanda zai sa mata takunkumi. Amma yaya Zainab, zancenki mun san shi tun kafin sola: tun 1971 aka fara haƙo yuraniyom a Arlit, aka yi shekaru ana haska Faransa, ƙauyukanmu na kwana da tocila. Sannan kuma a 2024 muka fara tura ɗanyen mai ta bututu daga Agadem zuwa gaɓar teku a Benin, kusan kilomita 2,000. Muna shiga kasuwa ana cewa ta kusa tashi.

Alhaji Sabo: Yawwa Isufu. Mu ma haka aka yi bikin fara haƙo mai a Kolmani, tsakanin Bauchi da Gombe, a Nuwamban 2022. Sannan idan gwamnati kuke jira ta yi muku wutar zamani, ku je Lambar Rimi a Katsina ku tambayi shekarun da injinan iska na megawat 10 kacal suka kwashe ana jan ƙafa.

Injiniya Nura: Ai shi ya sa ba wanda ke jira, Alhaji. A Fakistan mutane da kansu suka shigo da farantan kusan gigawat 17 a 2024 kaɗai, don wutar gwamnati ta yi musu tsada. Kuma kai ma gidan manka da sola yake ba da mai, ni na ɗaura ta.

Alhaji Sabo: Ɗan nan, ɗan kasuwa yana bin riba. Wannan bai biya albashin malaman firamare ba ranar da ganga ta faɗi.

Malama Zainab: Shi ya sa da wani minista ya yi zancen hana shigo da faranta a 2025 don a ƙera a gida, ban yi saurin tsine masa ba.

Malam Hudu: Malama, a fara gina masana'antar mu ga farashinta tukuna. An rufe boda a 2019 don shinkafa, kowa ya san yadda buhu ya koma. Maƙwabcina yana tara kuɗin famfonsa, sai bayan ya sayar da albasa zai cika. In aka hana yanzu, jarka zai ci gaba da ɗauka.