Lamba 10 a zari-ruga: mabuɗi ne, makulli ne, ko madugu?

Salamu alaikum jama'a. Cigiya nake yi, amma ba akuya ce ta ɓata ba, kalma ce.

Daren Asabar ɗin nan, 28 ga Oktoba 2023, mu bakwai ne a shagon ɗinkin ƙanena a Yelwa, nan Garwa. Mun jingine kekunan ɗinki a bango, mun ɗora talabijin a kan teburin yanka. Wasan ƙarshe ne na cin kofin duniya na zari-ruga, Afirka ta Kudu da New Zealand, a Faris, an take da ƙarfe takwas agogonmu, ana fitowa daga isha'i. Mu biyu kacal muka san kan wasan: ni da na ɗan taɓa shi ina lise, wato sakandare, a Ngaundare, sai wani abokina ɗan Njamena mai sayar da kayan waya. Sauran folere mai sanyi, wato zoɓo, ne ya kawo su. Kawu kuwa babbar rigarsa ya zo karɓa, ya tarar ba a gama aikin wuya ba, ya ce ba inda za shi sai da ita.

Mai sharhi yana ta "demi d'ouverture, demi d'ouverture", sai Kawu ya gyara zama ya ce, "Wai wane ne Dubatir ɗin nan da ake ta kira? Kuma na ji kamar kowane ɓangare da nasa." Na ce, Kawu, ba sunan mutum ba ne, sunan gurbi ne, mai lamba 10. Ya ce, "To, Abubakar ɗinsu ke nan." Vincent Aboubakar yake nufi, namu da ya tashi a Coton Sport, mai saka lamba 10 a ƙungiyar tamola ta ƙasa a lokacin. Na ce a'a Kawu, wannan ba maciyin ƙwallo ba ne. Ya ce, "To mene ne?" Na buɗe baki, Hausa ta ƙi zuwa. Abin ya tsaya mini a rai, shi ya sa na kawo muku.

Ga wanda bai san wasan ba, a gurguje. Mutum 15 ne kowane gefe. Takwas ƙarti ne, aikinsu turereniya da ƙwato ƙwallo. Bakwai na baya su ne masu gudu. Ba a jefa ƙwallo gaba da hannu, sai baya ko gefe, amma da ƙafa kana iya aika ta inda ka so. Idan ƙarti suka ƙwato ta, mai lamba 9 ne yake zaro ta daga ƙarƙashin ƙafafunsu ya wurga wa mai lamba 10. Shi kuma, kafin ka ce kwabo, ga ƙato mai kilo ɗari da ɗoriya ya nufo shi, dole ya yanke shawara: ya miƙa wa masu gudu, ko ya ruga da kansa, ko ya doka ta can ƙasar abokan gaba. Galibi kuma shi ne mai buga ƙwallon maki tsakanin sandunan nan biyu. Ingilishi na ce masa fly-half, Faransanci na cewa demi d'ouverture, ko ouvreur a taƙaice. Mu fa?

Kada wani ya ce ba ta yiwuwa. Wanda ya raɗa wa wasan kansa suna zari-ruga bai je neman yadda ake rubuta "rugby" da harafin Hausa ba. Kallo ya yi, ya ga an zara an ruga, shi ke nan.

Na dawo, na ga amsoshi sun fara taruwa. Ɗan ƙanena da ke ɓangaren Ingilishi a makarantarsu ya ce "rabin ƙuda". Allah ya shirye ka, ɗana. Fly ɗin nan ba ƙuda ba ne, tashi ne, rabin kuma daga tsayuwarsa tsakanin na gaba da na can baya ya samo asali. Su kansu masu Ingilishin ba su daidaita ba: a Wales an fi cewa outside half, wasu su ce stand-off, 'yan New Zealand kuma su ce first five-eighth, wato na farkon kashi biyar cikin takwas, sai ka ce rabon gado. Idan masu abu kowa da irin kiransa, ban ga dalilin da za mu ɗaure kanmu da fassarar ko ɗaya ba.

Masu cewa a bar shi "lamba goma": da shi muke lallaɓawa yanzu, kuma ba ƙarya ba ne. Sai dai kun ga inda ya kai Kawu. A garin da yaro ke tashi da tamola, kana cewa lamba goma, Aboubakar ko Messi ko Maradona za a gani.

Wani malamin Faransanci daga Marwa ya rubuto doguwar amsa mai daɗi. Shi "mabuɗi" ya zaɓa. Ya ce ouverture buɗewa ce, mutanen Italiya da masu Sifaniyanci ma apertura suke cewa, kuma aikin mutumin ke nan: ya fitar da ƙwallo daga cunkoso zuwa sarari. Allah gafarta Malam, da farko har na ce an gama. Kalma ɗaya, mai sauƙin faɗa, ga ma'ana. Amma ku bari in ba ku labarin gardamar da ta kai mu sha ɗayan dare a shagon nan, don ita ce ta sa na ja baya.

Afirka ta Kudu ta ci 12 da 11. Duk makin nan 12 daga ƙafar mai lamba 10 ɗinsu, Handré Pollard, suka fito, bugun laifi huɗu, maki uku-uku, kuma duka kafin a tafi hutu. Ba su dire ƙwallo a bayan layin abokan gaba ba, wato babban cin wasan, ko sau ɗaya. Abokina ɗan Njamena ya ce wannan ba wasa ba ne, kanta ce: mutum ya zauna yana tara canji. Shi a wurinsa Richie Mo'unga, mai lamba 10 na New Zealand, ne gwanin daren. Ya tashi tsaye yana kwatanta mana yadda Mo'unga ya yi wa mutum zilliya ya tsaga ta gefe ya miƙa wa Aaron Smith, har ya kusa kifar da kofin folere a kan rigar Kawu. Na ce, ai an soke wannan cin, ƙwallo ta suɓuce wa ɗayansu gaba tun farkon harin. Ya ce sokewar alƙali ba ta goge abin da ido ya gani. Na ce to, da Beauden Barrett ya dire ƙwallo aka koma 12 da 11, wa ya ɓarar da bugun maki biyun da zai sa su gaba, in ba Mo'unga ba? Ya ce daga can gefen layi ne, kuma su 14 ne a fili tun da aka ba kyaftin ɗinsu Sam Cane jan kati. Gaskiyarsa ce, ban musa ba. Amma kofin Johannesburg za shi ba Auckland ba.

Abin da ya fi ɗaure mini kai ma ba tsakanin ƙasashen biyu yake ba, a cikin gidan Afirka ta Kudu yake. Da Manie Libbok suka shigo gasar a lamba 10. Wanda ya ga wasansu da Scotland a Marseille zai tuna yadda ya doka ƙwallo ta tsallake fili ta sauka a hannun Kurt-Lee Arendse, shi kuwa fuskarsa na kallon wani wuri daban. Idan ana neman mabuɗi, ga shi nan a tsaye. Pollard kuwa ba ya ma cikin waɗanda aka zaɓa da farko saboda ciwon ƙafa, sai da Malcolm Marx ya ji rauni aka kira shi. Ranar karawa da Ingila a wasan kusa da na ƙarshe, ana ruwa, ƙwallo na santsi, ba a ma je hutu ba aka cire Libbok aka sa Pollard. Saura kamar minti biyu a tashi ya buga daga kusa da tsakiyar fili, aka tashi 16 da 15. A wasan ƙarshe ko benci ba a sa Libbok ba.

To Malam, ka gaya mini, wace ƙofa Pollard ya buɗe? Rufewa ya yi, ya murza, ya sa a aljihu. Sai na tuna Hausa ta riga mu ganin wannan: ƙarfe ɗaya ne, in za ka shiga ka ce mabuɗi, in za ka fita ka ce makulli. Libbok mabuɗi ne, Pollard makulli ne, kuma gurbinsu ɗaya. Ashe sunan Faransancin rabin aikin ya kama. Idan muka ce mabuɗi, duk ranar da irin su Pollard suka ci kofi sai mun yi dogon bayani. Kuma ba yau suka fara ba: a 1995 Joel Stransky na Afirka ta Kudu ne ya kashe wasan ƙarshe da ƙafa, 15 da 12, a 2003 kuma Jonny Wilkinson na Ingila ya yi wa Ostareliya haka a Sydney, 20 da 17.

Wata baiwar Allah ta ce "dillali", wai tsakanin ƙarti da masu gudu yake, karɓa nan miƙa can. Hajiya, kin yi kusa da masu harshen Afirkanci na Afirka ta Kudu, da suke ce masa losskakel, wato sakakken mahaɗi. Sai dai dillali la'adarsa yake jira, ba shi ke yanke ciniki ba. Wani ya ce "mai rabo". Wannan a kunnen Bahaushe mai sa'a ne. Na ajiye duka biyun.

Jiya da la'asar na je gaida Kawu, na karanta masa duk abin da kuka rubuto. Ya yi shiru yana ɓare goro, sannan ya ce, "Shi yaron nan, yana ɗaukar kaya?" Na ce a'a, ƙarti ke shan nauyi. "Shi ke cewa a bi nan, kada a bi can?" Na ce ƙwarai. "In tafiya ta ɓaci, wa ake zagi?" Na ce shi. Ya ce, "To me kuke ta wahala? Madugu ke nan."

Kawu ya ce kakansa da ayari ya shigo ƙasar nan, daga Kano ta Yola har Ngaundare, kuma abin da ya ji a gida shi ne madugu ba ya fin kowa ƙarfi ko dukiya. Jakuna da 'yan alaro ke ɗaukar kaya. Shi nasa sanin hanya: yaushe za a ɗaure kaya a tashi, yaushe za a yada zango a ƙi motsi, wane rafi za a ƙetare yau, wane gari za a kewaye. Ranar da ya ga hadari ya ce a zauna, bai fasa zama madugu ba. Nan ne kalmar ta shige ni. Mo'unga da ya ga sarari ya kutsa, da Pollard da ya ga ruwa ya ce a tara maki uku-uku, shawara iri ɗaya kowannensu ya yanke, hanya ce ta bambanta. Ba hannu ko ƙafa ya kamata sunan ya kama ba, shawarar ce. Madugu uban tafiya.

Na san za a yi ƙorafi biyu, kuma an riga an yi. Abokina ɗan Njamena ya yi dariya har da buga cinya, ya ce su a Cadi in rediyo ya ce madugu, abin da ke biyo baya "'yan tawaye" ne ko "'yan adawa". Haka ne. Amma 'yan jarida aro suka yi daga fatake, mu ma can muka je aro, kuma ba wanda zai ji "madugun Ingila ya buga ta fita" ya ɗauka juyin mulki ake a Landan. Na biyu, ƙanena ya ce ai madugu shi ne kyaftin. A'a. Kyaftin yana da sunansa, kuma kowa ya saba da shi. Siya Kolisi, kyaftin ɗin Afirka ta Kudu, ne ya ɗaga kofin nan, lamba 6 yake sakawa, cikin ƙarti yake. Wani lokaci mutum ɗaya ya haɗa biyun, kamar Owen Farrell a wasan Ingila ɗin nan, wanda duk makinsu 15 daga ƙafarsa suka fito. Sai a ce kyaftin ne kuma madugu, ba abin da ya cakuɗe.

Na gwada ta a baki, don kalmar da ba ta shiga jimla ba ta mutu tun a zanen goyo. "An canza madugu kafin hutu." "Faransa ta shiga gasar ba babban madugunta, Romain Ntamack, da ya ji ciwo a gwiwa, sai Matthieu Jalibert ya riƙe ayarin." "Madugan biyu ba wanda ya kai Dan Carter, tsohon madugun New Zealand." Duk sun zauna daram. Malam na Marwa ya sake rubutowa ya ce ya yarda, da sharaɗin kada a yar da mabuɗi da makulli, a bar su a matsayin kirari: madugu mabuɗi, madugu makulli. Na karɓa da hannu biyu, Malam. Ni dai daga yau madugu zan riƙa rubutawa.

Sai dai ɗan Njamena bai bar ni na sha ruwa ba. Ya ce a Faransa ai ba lamba 10 ke jan tafiya ba, lamba 9 ne, Antoine Dupont, wanda ya karye a ƙashin kunci a wasan Namibiya ya dawo ya buga da Afirka ta Kudu aka fitar da su 29 da 28. In 10 ne madugu, shi Dupont fa? Na kai wa Kawu. Ya ce a ayari akwai jagaba, mai wucewa gaba ya dubo hanya. Na ce amma Kawu, lamba 9 a gindin ƙarti yake tsayawa, yana yi musu tsawa kamar mai koran jakuna. Ya ce in fara karɓo masa rigarsa tukuna, sannan mu yi maganar tara.