Neman shawara: shingen kasuwar kara a ɗan titin jirgina ya fito kamar gidan yari

Sadisu, Unguwar Rogo:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekara biyu ke nan ina harhaɗa ɗan ƙaramin titin jirgin ƙasa a kan faifan katako mai ƙafa 8 da 4 a zauren gidanmu a nan Jos. Kan jirgin da taragu shida yayana ne ya zo min da su daga Jamus, ma'aunin HO ne, wato komai an rage shi sau 87. Tasha na gama, har duwatsu irin na Shere na yi da kwali da filasta. Saura kara, inda ake tara shanu a loda su a tarago.

Na samo hoton irin ta Amurka na kwaikwaya da tsinken tsire da sufa-gulu. Dare uku ina fama. Gam ɗin ya bar farin tabo a kowace mahaɗa, shingen ya yi tsayi har uwargida ta leƙo ta ce, "Giwaye za ka tsare?" Gangaren lodin kuma da na kunna jirgi, tarago na biyu ya kwashe shi ya yar. Ga shanun da suka zo a kwali, baƙi-da-fari ne na Turawa, ba tozo ba ƙaho. Da me zan yi shingen, kuma yaya zan yi da shanun nan?

Injiniya Bala:
Wa alaikumus salam. Malam Sadisu, ba hannunka ne ya gaza ba, lissafi ka tsallake. A HO, mita ɗaya ta zahiri milimita 11.5 ce. Mutum mai tsayin mita 1.7 bai wuce milimita 20 ba. Shinge mai mita ɗaya da rabi milimita 17 ne. Tsinken tsire kuwa kaurinsa kusan milimita 3, ka ninka sau 87 ya haura santimita 25, gungumen itace ke nan. Gaskiyar uwargida ce.

Dirkoki ka yi su da ashana ko tsinken sakace. Sandunan kwance kuma ka zare daga tsintsiyar kwakwa, can wajen bakin inda ta sirance. Ka ajiye sufa-gulu, tururinsa ne ke barin farin nan. Farin gam na kafintoci ka nema, irin Top Bond, ka riƙa ɗiga shi da bakin allura. Ka zana shingen a takarda, ka shimfiɗa farar leda a kai, ka haɗa shi a kwance, sai ya bushe ka ɗaga. Gangare kuma ba a yin sa da ido. Ɗora tarago a kan dogo, auna daga ƙasa zuwa bakin ƙofarsa, tsayin ke nan, tsawonsa ya ninka hakan kamar sau uku. Kafin ka manne, tura tarago mafi tsawo da hannu ya wuce, musamman idan akwai kwana kusa.

Auwalu Dilimi:
Ni dai tambayata, wa zai karɓi la'ada? Idan babu dillali a ciki ba kara ba ce, garke ne.

Baba Ɗanjuma, Bukur:
Sadisu ɗana, sai da jikata ta karanta min saƙonka sau biyu. Na yi aikin reluwe tun ina saurayi har na yi ritaya, kuma abin da zan faɗa maka shi ne ka rufe hoton Amurkan nan. Me ya kai ka can alhali ga kara a Bukur, kuɗin mota ɗaya daga Taminus? Je ka da safe ka tsaya ka yi kallo.

Abin da idona ya gani a tashoshinmu a wancan zamanin ba shinge ne mai layi-layi kamar an ja da rula ba. Tsofaffin ƙarafunan dogo ake kafawa a matsayin dirka, a gitta itace, inda ya karye a ɗaure da waya ko igiya. Wurin lodi tudun ƙasa ne da aka tare gefensa, daidai da ƙofar tarago. Kuma yawancin shanun ba a cikin shinge suke jira ba, suna waje, kowane fatake da nasu, makiyayi na tsaye da sanda a kafaɗa ya rataye hannuwa a kai. Sai an kawo tarago ake koro su kaɗan-kaɗan ta wani lungu mai tsukewa, don sa ba ya shiga duhu da son ransa. Nan ake shan wahala: ihu, ƙura, wani ya murɗa wutsiya, wani ya ja ƙaho. A bi su da mutum ɗaya ko biyu har Kudu, domin wadda ta kwanta a hanya 'yan uwanta za su tattake ta.

Ka sa reshen lodin ya rabu da babban layi, ya ƙare a can gefe nesa da inda fasinja ke tsayawa. Idan kana da guntayen dogon da ka yanke, ga dirkokinka nan. Kada ka manta kwamin ruwa, da 'yar rumfar kwano ta dillalai don Auwalu ya samu wurin zama, da mai fura a gindin bishiya.

Injiniya Bala:
Allah ya ƙara lafiya Baba. Sai dai akwai abu ɗaya, Malam Sadisu. Dogon HO faɗinsa milimita 16.5, kwaikwayon layi mai milimita 1,435 ne, irin na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016. Tsohon layin da ya iso Jos daga Kafanchan a 1927 kuwa 1,067 ne, a ma'auninka kusan milimita 12. In ana son daidai, sai an canja dogon.

Baba Ɗanjuma, Bukur:
Injiniya, bar yaro ya sarara. Kafin wannan ma akwai ɗan siririn layi daga Zariya, ƙafa biyu da rabi, da aka rufe a 1957, ragowar kayansa na gidan tarihi na Jos. Duk jirgi ake kiransu. Ba wanda zai shigo zaure da rula.

Maman Ilham, malamar zane:
Ni ƙasa da shanu zan taɓa. Kada ka yi wa itacen fenti, ya kan toshe shi ya koma kamar roba. Jiƙa soson ƙarfe a ruwan binega kwana biyu, ka fara shafa wa tsinkayen baƙin shayi mai kauri, sannan ka bi da ruwan. Za su yi toka-toka kamar sun sha damina goma. Amma kafin gam za ka yi, inda gam ya taɓa ba ya kama launi.

Daɓen kara kuwa jar ƙasarmu ta isa. Ka soya ta a tsohuwar tukunya don ƙwari da danshi, ka tankaɗe da rariya, sannan ka bi ta da maganaɗisu. Wannan kar ka yi wasa da shi, ƙasar Jos ba ta rasa ɓurɓushin ƙarfe, kuma injin kan jirginka akwai maganaɗisu a ciki, zai zuƙe su. Barbaɗa, ka fesa ruwa mai ɗigon sabulu, ka bi da farin gam da aka sirka da ruwa. Tun da ɗan laima ka dangwala sawun kofato da bakin tsinke, ya fi yawa a bakin ƙofa da wajen kwami, wurin ya fi duhu.

Shanun Turawan ma ba asara ba ne. Ɗan ƙwallon gam mai haɗi biyu a kafaɗa ya zama tozo, silin waya daga cikin tsohuwar wayar wuta ka lanƙwasa ya zama ƙaho. Farare ka fi yawaitawa, Bunaji, da baƙin kunne da baƙin hanci, farin kuma ka ɗan dafe shi, ba farin alli ba. Ka jefa jajaye biyu ko uku masu dogon ƙaho, Rahaji. Kada ka jera su kamar 'yan fareti, wasu su kwanta, wasu su cure a kusurwa.

Sadisu, Unguwar Rogo:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Baba, na je Bukur ranar Asabar, na dawo da ƙura har cikin kunne da hotuna fiye da talatin. Na rushe gidan yarin. Bango ɗaya na shingen ya tsaya, taragu shida sun wuce gangaren lafiya. Maman Ilham, maganaɗisun ya fito da baƙin gari kamar kwalli, na tsorata. Shanu huɗu sun samu tozo, ta biyar tozonta ya zame gefe, na bar ta haka. Matsala ɗaya: uwargida na neman rariyarta da rabin tsintsiyarta. Auwalu, nawa ake sayar da rariya a Dilimi?